Idan baƙonka ya sauka Jidda: yadda za ka nuna masa bakin Bahar Maliya

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Umara ko Hajji abu uku suka sani a Jidda: filin jirgi, kantin jakunkuna, da wurin awon kaya. Gwaggona ta zo ƙasar nan sau uku, bahar kuwa ba ta taɓa ganinsa ba sai ta tagar jirgi, alhali daga masaukinta zuwa bakin ruwa bai kai tafiyar minti ashirin a mota ba. Abin ya daɗe yana damuna, domin ta wannan ruwan kakanninmu suka shigo. Sun taka daga ƙasar Hausa, sun ratsa Barno da Chadi da Sudan, wasu shekara da shekaru suna tafe suna noma a hanya, sannan suka hau jiragen ruwa a Sawakin suka tsallako. Jikan waɗannan mutane bai kamata ya zo ya koma bai tsaya a bakin ruwan ba.

Ga yadda nake yi idan baƙi suka sauka a gidanmu. Kwana biyu ya wadatar, kwana ɗaya ma yana yi idan an tsara shi.

Fara da lokaci kafin ka fara da wuri

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, kuma shi ake yi wa sakaci. Zafin Jidda ba irin na Sakkwato ko Maiduguri ba ne, wanda inuwa ke maganinsa. Nan zafi ne mai ɗauke da laima, kana tsaye a inuwa riga na manne maka a jiki. Daga Yuni zuwa Satumba ma'auni yakan kai 38 zuwa 40, iska kuma ta yi nauyi. Daga Disamba zuwa Fabrairu garin yake sakin jiki, rana ba ta cika wuce 30 ba, dare kuma da 'yar iska mai daɗi. Idan baƙonka na da zaɓi, waɗannan watannin ne nasa.

Na taɓa yin kuskuren da ba na so ka maimaita. Wani ƙanen mahaifina ya zo cikin watan Agusta, jirginsa na dare ne, sai na ce mu fita da hantsi mu zaga tsohon gari. Ba mu yi awa guda ba na ga ya dafa bango, idanunsa sun kaɗa. Sai da na shigar da shi wani kanti mai sanyi, aka ba shi ruwa, ya huta kusan awa biyu kafin ya dawo daidai. Tun daga ranar, dokata ɗaya ce: fita bakin ruwa ko dai bayan asuba zuwa ƙarfe tara, ko bayan la'asar har dare. Tsakanin nan a zauna a gida.

Ka kuma lura da ranaku. Hutun mako a nan Juma'a ne da Asabar, don haka daren Juma'a da daren Asabar Kurnish, wato wurin shaƙatawa na bakin bahar, cika yake yi, wurin ajiye mota ma sai an sha wuya. Mai tsofaffi ko ƙananan yara ya zaɓi Lahadi zuwa Laraba. Safiyar Juma'a kuma kantunan Balad, tsohon garin, a rufe suke. Idan hadari ya haɗu cikin Nuwamba ko Disamba aka yi gargaɗin ruwan sama, a fasa fitar gaba ɗaya. Wanda ya ga ambaliyar 2009 ba ya wasa da ruwan saman Jidda.

Abin da za ka ɗauka

Takardu tukuna. Mazauni ya riƙe iƙamarsa, wato katin izinin zama, baƙo ya riƙe fasfonsa da shaidar bizarsa, kuma a tabbatar kwanakinta ba su ƙare ba. Dokokin zirga-zirga na lokacin Hajji daban suke da na Umara, don haka alhajin da ya zo cikin ayari ya nemi iznin jagoransa kafin ya bi ka.

Sauran kayan ba su da yawa: shimfiɗar zama, ruwan sha fiye da yadda kake zato, filas ɗin shayi, ledar zuba shara, da takalmin roba mai rufi ga duk wanda zai taka ruwa. Idan akwai dattijon da gwiwa ke damu, ka saka masa kujera mai naɗewa a bayan mota. Wanda ba shi da mota ya kira Uber ko Careem. Wanda zai taso daga Makka kuma, jirgin ƙasa na Haramaini da aka buɗe a 2018 yana kawo shi tashar Sulaimaniyya cikin kamar rabin awa, sai dai ba ya karɓar kaya masu yawa.

Abu biyu nake gaya wa kowane baƙo kafin mu fita daga gida. Kada ya ɗauki hoton mutane, musamman mata da iyalai, ba tare da izninsu ba, domin laifi ne mai tara. Kada kuma ya yar da komai a ƙasa.

Bayan la'asar: Balad

Da Balad nake farawa, tsohon garin, domin wanda bai ga nan ba ba zai gane dalilin zaman Jidda a inda take ba. Halifa Usman ɗan Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ya mayar da ita tashar jiragen ruwan Makka a shekara ta 26 bayan Hijira, wato wajen 647. Tun daga nan alhazai da fatake ke sauka a nan. Garin yana da ganuwa kamar Kano ko Zariya har zuwa 1947 da aka rushe ta, sunayen ƙofofin dai suna nan: Bab Makka, Bab Jadid, Bab Sharif. A 2014 hukumar UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Ka sauka a Bab Jadid, ta arewa, ka shiga a ƙafa. Kada ka yi sauri. Ka sa baƙonka ya ɗaga kai. Gidajen hawa huɗu ne, biyar, wasu har shida, an gina su da dutsen murjani da aka sassaƙo daga bakin bahar. Idan ka matsa kusa da bangon da shafensa ya zube, za ka ga ƙananan ramuka da zanen halittun ruwa a jikin dutsen. Tsakanin layukan dutsen an shimfiɗa itace a kwance don ya ɗaure ginin ya raba nauyi. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san aikin azara zai gane dabarar nan take.

Sai tagogin katako da ke turo kai waje, waɗanda ake kira rawashin. Katakon ta ruwa aka kawo shi daga Indiya da tsibiran gabas, domin Hijaz ba ta da irin wannan itacen. An sassaƙa shi raga-raga, iska na shiga, rana ba ta shiga, matan gida suna ganin titi ba a ganinsu. Gwaggona da ta tsaya ƙarƙashin wani, ta daɗe tana kallo sannan ta ce, “Ɗan nan, ashe su ma sun san kunya, sun kuma san zafi.” Ban taɓa jin wanda ya bayyana rawashin a taƙaice kamar haka ba.

Daga nan ka gangara unguwar Mazlum ka ga Masallacin Shafi'i, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a garin. Sai ka bi Kasuwar Alawi, inda ƙamshin turaren wuta da kayan yaji da gahawa ke tarbarka, har ka iso Gidan Nasif. An kammala gininsa a 1881, kuma a cikinsa Sarki Abdul'aziz ya sauka lokacin da ya shigo Jidda a 1925. Matakalarsa faffaɗa ce mai sauƙin hawa, mutanen gari na cewa har raƙuma ake hawa da su da kaya zuwa sama.

Amma abin da nake so ka nuna wa Bahaushe a nan yana ƙofar gidan. Wata tsohuwar bishiya ce, wadda a da ake cewa ita kaɗai ce a cikin ganuwar Jidda, har ana kwatance da ita, a ce gidan mai bishiya. Ka bar shi ya matsa ya duba ganyen da kansa. Darbejiya ce. Wadda muke da ita a kowane lungu, muke karya reshenta mu yi asuwaki, muke dafa ganyenta idan zazzaɓi ya kama yaro. Ban taɓa kai wani can ya gane ta bai yi murmushi ba. Daga nan ne nake fara yi masa bayanin yadda ruwan sha ya yi tsada a garin nan a da, yadda ake tara ruwan sama a rijiyoyin ƙarƙashin gidaje, da dalilin da ya sa yau ruwan famfonmu daga bahar ake tace shi.

Ka ƙare da Bab Makka, ta gabas. Ta wannan ƙofar alhazan zamanin da ke fita su kama hanyar Makka, kimanin kilomita 75, a kan raƙumi ko a ƙafa. Ba nisa daga nan akwai tsohuwar maƙabartar da ake dangantawa da Nana Hauwa'u. Zancen baka ne da aka gada, ba wurin ibada ba ne, ka faɗa wa baƙonka haka a fili don kada ya koma gida da labarin da ba shi da tushe.

Idan zuwan ya dace da azumi, ka bar Balad sai bayan tarawihi. Masu balila, wani dafaffen wake, da masu soya hanta suna jere da rawunansu, ga sobiya mai sanyi, gari ba ya barci sai sahur.

Kafin magariba: Kurnish

Ka bar Balad saura kamar minti arba'in a kira salla. Kurnish doguwa ce, ta kai wajen kilomita 30, ba a cinye ta a yini ɗaya, don haka dole ka zaɓa. Ni wuri biyu nake zaɓa.

Na farko shi ne ɓangaren Hamra, inda titin Falasɗinu ya ƙare a bakin ruwa. Daga nan ake ganin Nafurar Sarki Fahad, wadda aka buɗe a 1985. Ruwan bahar ne injuna ke cillawa sama fiye da mita 260, ba ta da ta biyu a tsawo a duniya. Da rana fari ne kawai kamar hayaƙi, da dare ne fitilu ke haska ta take nuna kanta. Wani lokaci ana kashe ta saboda iska ko gyara, don haka kada ka cika wa baƙo baki tun daga gida. A wannan ɓangaren kuma akwai filin sassaƙe-sassaƙe na ƙarfe da dutse, daga cikin waɗanda magajin garin Jidda na da, Muhammad Sa'id Farisi, ya tara wa birnin, har da aikin Baturen Ingila Henry Moore. Mai sha'awa ya tsaya, marar sha'awa ya wuce.

Na biyu, wanda na fi so idan akwai iyali, shi ne sabon bakin ruwa na arewa da aka buɗe a 2017. Tsawonsa ya haura kilomita huɗu, shiga kyauta ne. Akwai ciyawa, akwai wurin wasan yara, hanyar masu tafiya daban ta masu keke daban, ga banɗakuna da wuraren salla kusa-kusa, ga wata gada da ta shiga cikin ruwa inda masu ƙugiya ke zama. Dattijo zai samu benci, yaro zai samu lilo.

Ka shimfiɗa tabarmarka ka zuba shayi. Jidda yamma take kallo, don haka rana cikin ruwa take faɗuwa. Mutumin da ya saba ganin ta ɓuya bayan gidaje ko bayan gona, ranar zai ga tana sauka a hankali, ta yi ja, ta taɓa bakin ruwa, rabi ya nutse, sannan ta tafi gaba ɗaya, ladan kuma ya ɗaga murya. A nan ba na yi wa baƙo surutu. Da aka idar da salla gwaggona ta roƙi in kai ta inda za ta taɓa ruwan. Ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, sannan ta tambaye ni ta ina Sudan take. Na nuna mata. Ta tsaya tana kallon wajen, tana yi wa kakanta addu'a, wanda ya tsallako bai koma ba.

Abin lura ga mai salla a fili: Makka tana gabas da Jidda, don haka bahar za ka ba baya.

Idan da sauran ƙarfi, ka ƙara gaba arewa zuwa Masallacin Rahma, wanda aka gina a 1985 a kan ginshiƙai cikin ruwa. Idan ruwa ya cika sai ka ga kamar yana yawo a kai. Alhazan Indunusiya da Malesiya ba sa wuce shi. Masallaci ne mai kyau, a yi isha'i a ciki a sha iska a barandarsa, amma ba shi da wata falala ta musamman a kan sauran masallatai. A kan Kurnish kuma akwai gidan kifaye na Fakieh, da aka buɗe a 2013. Da kuɗi ake shiga, kuma yana da amfani ga yara, domin ta bayan gilashi za su ga abin da ke ƙarƙashin ruwan da suka wuni suna kallo.

Safiya ta biyu: kasuwar kifi, sannan Abhur

Ka yi sammako. Babbar kasuwar kifi, wadda mutanen gari ke kira Bangala, tana kusa da tashar jiragen ruwa, ba nisa da Balad. Tsarinta mataki uku ne: ka zaɓi kifinka ka biya, ka kai wurin masu gyara su fere su yanka, sannan ka miƙa wa masu suya ko gashi. Ka duba ido da ƙasan kunnen kifi, ido ya zama garau, kunne ja. Najil shi ne sarki, kuma shi ya fi tsada. Hamur da sha'ur suna biye, harid kuma shi ne mai launin kore da shuɗi da baki kamar na aku. Akwai jatan lande da ƙaguwa. Ka yi ciniki, ba abin kunya ba ne a nan. Ka haɗa da sayyadiyya, shinkafar da ake dafawa da soyayyar albasa har ta yi duhu, da ɗan romon tsamiya a gefe. Wanda ya saba da tarwaɗa da ragon ruwa zai ji bambanci, naman kifin bahar ya fi tauri da zaƙi.

Daga nan mai son shiga ruwa ya nufi Abhur, kimanin kilomita 30 arewa da tsakiyar gari. Wani hannun bahar ne da ya kutso cikin tudu, ruwansa ya fi kwanciya. Ana hayar kwalekwale mai inji a zaga da ku. Ka daidaita kuɗi da tsawon lokaci kafin kowa ya hau, ka kuma tabbatar an ba kowa rigar ceto, har da wanda ya ce ya iya iyo a kogin garinsu. Akwai wuraren shaƙatawa masu zaman kansu da ake biya, yanayin wasu ba zai dace da iyalinmu ba, don haka ka tambaya tukuna. Daga Abhur za ka hango dogon benen nan da ake ginawa, wanda aka tsara zai kai mita 1,000.

A nan zan ja kunne sosai, domin rigakafi ya fi magani. Bahar Maliya ba rafi ba ne. A wurare da yawa za ka yi ta tafiya ruwa iya gwiwa a kan dutsen murjani, sai kwatsam dutsen ya ƙare, zurfi ya buɗe. Kada a shiga sai inda aka kafa alamar an yarda da iyo, inda akwai masu ceto. Murjani yana yanka kamar reza, ciwonsa kuma yana daɗewa bai warke ba. Akwai wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya da ke maƙalewa tsakanin duwatsu, wadda ƙayarta ke karyewa cikin tafin ƙafa. Amfanin takalmin roba ke nan. Kada a ɓalli murjani don tsaraba, halitta ce mai rai, kuma an hana. Gishirin ruwan ma ya fi na sauran tekuna, wajen giram 40 a kowace lita, saboda babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinsa, rana kuma na ƙone shi. Yana shiga ido da zafi, don haka a ajiye ruwan gora na wanke fuskar yara. Ka adana lambobi biyu a wayarka: 911 na gaggawa, da 994 na masu tsaron iyakar ruwa.

Yaro kuwa, ko a ciyawar Kurnish ne, a ba mutum ɗaya amanarsa da suna. Idan aka ce kowa na kallonsa, ba mai kallonsa.

Daren ƙarshe

Ni da tsire nake rufewa. Baƙi da yawa ba su san cewa tsirenmu ya zama abincin Hijaz ba, har Larabawa suna kiransa siriya, suna layi a kansa, da ƙuli-ƙulinsa da albasarsa. Hausawa ne suka kawo shi, kamar yadda sunan Hausawi ya shiga har cikin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, irin su Usama Hausawi. Unguwannin da da yawanmu muka tashi a ciki, Sabil da Karantina da Gulail da Kandara, an rushe su tsakanin 2021 da 2022, jama'a sun watsu zuwa wasu sassan gari. Masu tsiren ma sun bi jama'arsu. Ka tambayi ɗan gari inda nasa ya koma, zai kai ka.

Idan da ƙarin kwana

Kudu da Jidda akwai bakin ruwan Saif, fili ne mai yashi, ba cunkoso, sai dai ka tafi da komai naka. Gaba da shi akwai Shu'aiba, wadda ita ce tashar Makka kafin Jidda, kuma daga nan sahabban farko suka hau jirgi zuwa Habasha. Ba gini za ka gani ba, ruwa ne da yashi, amma ɗalibin sira zai so ya tsaya a wurin.

Mai tafiya Madina a mota yana iya bin hanyar gaɓa ya kwana a Yanbu, kimanin kilomita 330 arewa da Jidda. Tana da nata tsohon garin mai rawashin, ƙarami, ga bakin ruwa mai tsabta da lambuna, ga bikin furanni da ake yi a ƙarshen sanyi. Washegari ya bi ta Badar ya ziyarci shahidai kafin ya shiga Madina. Tsibiran Farasan da ke can kudu, waɗanda ake tsallakawa da jirgin ruwa daga Jazan, tafiya ce mai zaman kanta, ba ta baƙon da jirginsa ke jira ba.

Duk inda kuka je, idan an dawo gida a ɗauraye tufafi da takalman da suka taɓa ruwan bahar da ruwan famfo, a shanya su bushe sarai kafin a saka a jaka. Gishirin yana cin zif da maɓalli, ɗanyen kaya kuma yana ƙara nauyi a wurin awo.